Dogon Da Ya Lanƙwashe A Hunturu: Nazarin Wani Samfurin Tashar Jirgin Ƙasa A Kaduna

Aikin da za a duba a nan ƙaramin samfurin layin dogo ne, irin wanda jirgi ke tafiya a kansa da lantarki. Wasu malaman koyar da sana'a ne da ɗalibansu suka haɗa shi a Kaduna. An fara aikin katako a watan Agusta, ana tsakiyar damina, aka gama shimfiɗa dogo a Oktoba, jirgi ya yi ta zagaye lafiya ƙalau har ƙarshen Nuwamba. Daga nan aka warware allunan aka jingine su a sito. Ba a sake haɗa su ba sai a Fabrairu, ana gobe za a buɗe baje kolin a zauren wata makaranta. Ranar farko jirgin bai iya yin zagaye uku a jere ba: ko ya sauka daga dogo, ko ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Kowa ya ce zafi ne ya miƙar da ƙarfe. Awon da aka yi daga baya ya nuna laifin zafi ɗan kaɗan ne.

Abin da aka so a nuna

Tashar Kaduna Junction aka kwaikwaya, wadda ke kudu da kogi, tare da gadar da layin ke bi ya ƙetara zuwa arewa. Zaɓin yana da ma'ana. Layin Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, kuma shi ya ratsa nan tun kafin a dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Daga baya layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Kafanchan, ya zo ya haɗe da shi a wannan tasha. Ke nan allo ɗaya zai ɗauki mararraba, da gada, da taragun gyaɗa da na auduga da na shanu, abin da duk wanda ya girma kusa da Kakuri zai gane da kallo ɗaya.

Matsalar farko ita ce ma'auni. Tsohon layin Najeriya tazarar ƙarafansa ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016 daga Idu zuwa Rigasa, nasa milimita 1,435 ne. Kayan samfurin da suka fi yawa a duniya, waɗanda ake kira HO, an rage su sau 87, tazarar dogonsu milimita 16.5, kuma wannan daidai yake da layin Rigasa. Wanda zai yi tsohon layi yana da hanya biyu. Ko ya tsaya a kan ragin sau 87 ya nemi dogo mai tazarar milimita 12, wanda samunsa a nan sai an yi odarsa, ko ya koma ragin sau 64 ya yi amfani da dogon HO ɗin, domin 1,067 in an raba shi da 64 yana ba da 16.7, bambancin da ido ba ya gani. Masu wannan sha'awa a Ostireliya da Niyu Zilan, inda ake da layuka masu irin tazararmu, sun daɗe suna yin haka.

Hanya ta biyu aka bi, kuma daidai ne. An sami dogo da injina na hannu, aka cire gangar jikinsu aka ƙera sabuwa da farar roba mai kaurin milimita 1. Mita ɗaya a zahiri ya koma milimita 15.6, mutum tsayayye ya koma kusan milimita 27, tarago mai mita 12 ya koma milimita 188. Akwai wata riba ta gefe: ƙananan motocin wasan yara na ƙarfe da ake samu a kasuwa yawancinsu kusa da wannan ma'aunin suke, don haka ba a sha wahalar cika titin tasha da motoci ba.

Tsarin kuwa zagaye ne. Alluna huɗu a gaba, kowanne milimita 1,220 a 610, waɗanda aka yanka daga falle ɗaya na filawud mai ƙafa 8 a 4, kaurinsa milimita 9. Alluna huɗu a baya, rabin faɗin na gaba, inda jirage ke jira a ɓoye. Sai allunan kwana bibbiyu a kowane gefe, lanƙwasar dogon tana da nisan milimita 610 daga tsakiya. Alluna 12 ke nan, babban layi ya kai kusan mita 13 da rabi, an bar fili a tsakiya inda masu tuƙi za su tsaya.

Katako

A nan ɓarnar ta samo asali, kuma yanke shawara biyu ne suka haife ta, duka don a rage kuɗi. Na farko, firam ɗin allunan an yi shi da falankin da aka sayo a Panteka a watan Agusta, mai faɗin milimita 75. Kafintan da ya yanka shi ya faɗa musu gaskiya: "Malam, wannan ɗanye ne fa, ku jingine shi ya sha iska ko wata biyu." Ba a jira ba. Na biyu, da filawud ya ƙare, allunan baya da na kwana aka yi musu saman MDF, wato garin itacen nan da ake matsewa da gam. Ba a yi wa ko ɗaya fenti a ƙasa ba, sama kawai aka shafa.

Itace yana shan danshi daga iska yana kuma mayarwa. A daminar Kaduna danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100, itacen da ya zauna a irin wannan iskar yana riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. A tsakiyar hunturu danshin kan faɗo ƙasa da kashi 20, ruwan cikin itace ya koma kashi 4 ko 5. Falanki ba ya raguwa sosai ta tsawonsa, ta faɗinsa yake tsukewa, kusan kashi 1 cikin 100 a duk maki 4 na ruwan da ya rasa. Ke nan falanki mai milimita 75 zai rasa kusan milimita 2 tsakanin Agusta da Fabrairu, in ɗanye ne ma ya fi haka, kuma ba falankaye biyu da za su tsuke daidai wa daida. MDF shi kuma ta kowane ɓangare yake tsukewa, kimanin kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin 100, wato milimita 2 da rabi zuwa 3 da rabi a allo mai tsawon 1,220. Filawud ya fi haƙuri domin an gicciya hawa-hawansa, kowane hawa yana riƙe ɗan'uwansa.

Yanzu a kwatanta da ƙarfen. Dogon samfuri haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. In zafi ya ƙaru da digiri 15, dogo mai tsawon milimita 1,220 zai miƙe da kusan milimita 0.3. Tsukewar allon ta ninka wannan kusan sau goma. Ba dogo ne ya yi tsawo ba, ƙasan da yake kwance a kai ne ya gajarce.

Da an bar wa dogon inda zai numfasa, da abin bai kai haka ba. Amma an liƙe bakin kowane dogo da dalma a kan noti na tagulla a ƙarshen allo, wanda daidai ne, sannan aka bi duk mahaɗan tsakiya su ma aka cika su da dalma don wuta ta wuce da kyau. Dogo ya zama sanda ɗaya ɗaure kai da gindi. Da allo ya tsuke, rarar ta nemi wurin da gam bai kama sosai ba ta ɓalle a nan. Lissafin yana da ban mamaki ga wanda bai saba ba: rarar milimita 1 kacal, in ta taru a tsawon milimita 300, tana karkatar da dogo gefe da kusan santimita 1. A allunan baya an sami irin wannan ƙusumbi guda biyar. A kwanar hagu dogon ciki ya fizge kansa daga 'yan ƙusoshin robar da ke riƙe shi, tazarar ta tsuke, duk injin da ya zo nan sai ya hau sama. Allunan gaba na filawud, dogonsu bai motsa ba sai wuri ɗaya.

Su ma na gaban ba su tsira gaba ɗaya ba, domin firam ɗinsu ya tsuke. An haɗa allo da allo da noti mai kaurin milimita 8 ta cikin ramin da aka huda a falanki. Da falankin wannan allo ya ragu fiye da na maƙwabcinsa, saman ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan milimita 1. Leɓen ƙafar jirgin HO zurfinsa tsakanin milimita 0.6 ne da 1.2, ya danganta da masana'anta. Tudun rabin milimita a mahaɗa ya isa ya ɗaga ƙafar tarago marar nauyi ya ajiye ta a waje.

Gyaran gaggawa da aka yi a daren farko shi ne kaɗai mai yiwuwa. An ɗauki ƙaramin zarto mai sirirrin haƙora aka yanke dogo a tsakiyar kowane ƙusumbi, aka rage bakin da magagari har ya kwanta, aka sa mahaɗi ba dalma, aka ja 'yar waya ta tsallake yankan. Tudun mahaɗan alluna kuma aka cike shi da guntayen kwalin katin waya a ƙarƙashin dogon da ya yi ƙasa. Ya ɗauki kwana biyun baje kolin, amma faci ne.

Ƙura

Da aka daina sauka daga dogo, sai tsayawa ta rage. Wutar da ke cikin dogo ba ta wuce bolt 12 ba, injin bai fi gram 400 ba, wurin da ƙafarsa ke taɓa ƙarfe kuma bai kai kan allura ba. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, lallausan garin yashi ce da laka, ba ta wuce da wuta. Ƙwaya kaɗan a ƙarƙashin ƙafa sun isa su yanke ta. Zauren tagoginsa a buɗe suke, fankokin sama suna juyawa, an kuma share daɓen da tsintsiya da safe bayan an riga an kafa allunan.

Abubuwa uku suka ƙara dagula lamarin. An cika wa injinan man keken ɗinki, man ya gangaro kan ƙafafu ya haɗu da ƙura ya zama baƙin kwaɓi. Rabin taragun ƙafafun roba gare su, roba kuwa a busasshiyar iska tana jan ƙura tana shafa ta a kan dogo duk zagaye. Na uku ya fi muni: wani ya goge dogon da samfefa. Nan take ya yi ƙyalli, jirgi ya tafi, amma samfefa tana barin ƙananan kurji a kan ƙarfe, datti ya sami gidan zama, bayan minti ashirin abin ya fi da.

Abin da ya yi aiki a rana ta biyu ba shi da tsada. Tsumman auduga marar gashi da ɗan sifirit, a bi layin gaba ɗaya kafin a buɗe ƙofa, a sake duk bayan awa ɗaya. Ƙafafun inji a tsabtace su ta hanyar shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan dogo, a ɗora rabin ƙafafun a kai, a ba da wuta su juya. An rataya guntun katakon silin a ƙarƙashin tarago ɗaya, ɓangaren kaushin yana shafar dogo, yana shara yana tafiya. An ɗan goga fensir mai laushi a kan ƙarfe a mararraba, domin bakin fensir yana wuce da wuta. A layin da ke da hawa ba a yin haka, ƙafa za ta riƙa sulɓi, amma wannan shimfiɗaɗɗe ne. Daɓe kuma aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, aka kashe fankar da ke saman allunan, da dare aka lulluɓe komai da leda.

Akwai wata ƙurar da ba daga sama ta zo ba. Tsakuwar dogo yashin kogin Kaduna ne da aka tankaɗe aka ɗauki mai girman rabin milimita zuwa 1, wanda ya dace da ma'aunin, ƙasar gefen layi kuma jar marmara ce da aka daka. Kyan gani ba a magana, babu fentin da zai ba da wannan jan. Sai dai ba a bi su da mayen ƙarfe kafin a zuba ba. Motar inji tana da mayen ƙarfe a cikinta, duk ɓurɓushin ƙarfen da gam bai kama ba tana tsince shi. Da aka buɗe injin da ya fi ba da wahala an tarar da baƙin gari a manne a jikin motar da cikin giyarsa. Ƙa'idar ita ce a wanke yashin, a gasa shi a tsohuwar tukunya don ƙwari da ƙwansu su mutu, a sa mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a cikin leda a yi ta jansa a ciki har ya daina ɗaukar komai. Gam ɗin kafinta fari ake sirkawa da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan don ya shige. Wannan ruwan, a kan MDF ɗin da ba a yi wa fenti a ƙasa ba, shi ma ya kumbura allunan a Oktoba, ya ƙara yawan abin da suka tsuke daga baya.

Wuta

Na'urar sarrafa gudu ɗaya daga cikin biyun ta Amurka ce, mai cin bolt 120. Wutarmu bolt 230 ce. A ɗakin aiki tana kan taransifoma mai rage wuta, a zaure wani ya soka ta kai tsaye, ta ƙone. Ta biyun ta yi ta fama da hawa da saukar janareta, jirgi ya zabura ya lafa. Batirin mota aka koma, da ƙaramar na'urar rage gudu ta bolt 12. Injina uku da fitilun LED na tasha ba su cin fiye da amfiya 1 da rabi, awa takwas bai kai rubu'in abin da batir mai lamba 60 ke ɗauke da shi ba. Haɗarin batir shi ne ba ya jin tsoron haɗewar wuta: tsabar kuɗi ɗaya ta faɗa kan dogo, zai tura wutar da za ta narka waya. Dole a sa fis na amfiya 3 dab da kan batir, a kuma jera ƙwan fitilar burkin mota mai wat 21 a kan wayar da ke zuwa dogo. In komai lafiya ƙwan ba ya kamawa. In wuta ta haɗe sai ya haska ya tsare ta ƙasa da amfiya 2, mai tuƙi kuma ya ga alama.

Asalin dalilin da ya sa aka liƙe mahaɗai da dalma tun farko shi ne waya biyu kacal ke ba layin duka wuta. Ƙarfen dogo ya fi jan ƙarfe taurin wuce da wuta fiye da sau goma, don haka jirgi yana yin sanyi in ya yi nisa, sai aka nemi magani a dalma. Maganin gaskiya waya biyu ne masu kauri, 1.5 irin ta wayarin gida, su bi ƙarƙashin alluna duka, kowane guntun dogo a sauko masa da 'yar siririyar wayarsa. In an yi haka mahaɗi ba shi da aikin ɗaukar wuta, sai ya zama sakakke, dogo ya zame a cikinsa yadda ya ga dama.

'Yan kallo

Tsayin allunan mita 1 ne daga ƙasa, ya yi wa ƙananan yara yawa, sai suka riƙa kama baki suna ɗage. Igiya a nisan santimita 70 da benci mai ƙarfi da za su taka sun magance wannan. Taragun ma sun yi sakayau. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, tana da ƙa'idar nauyi gwargwadon tsawo, kuma a kanta tarago mai milimita 188 yana son gram 130 zuwa 160. Waɗannan ba su kai 70 ba. An manna musu notina a ƙasa, tsakanin ƙafafu, ba a sama ba.

Wani dattijo da ya yi aikin reluwe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa ɗalibin da ke tuƙi, "Yaro, wannan gudun a cikin tasha ai kora ce daga aiki." Ɗalibin ya ce, "To Baba, yaya ya kamata?" Amsar a lissafi take. Kilomita 40 a awa, in an raba da 64, santimita 17 ne a daƙiƙa, wato zagaye ɗaya ya ci kusan daƙiƙa 80. Suna yin sa a 30. Sai dai tafiyar sannu ita ce ta fi tona asirin dogo mai datti, shi ya sa duk mai ƙazamin layi yake son gudu.

Sake gini

Allunan MDF takwas an zubar da su. Sababbin filawud ne sama da ƙasa, firam ɗin ma filawud mai milimita 12 da aka tsaga faɗin santimita 10, da gicciye duk santimita 40. An shafe kowane ɓangare da fentin mai hannu biyu, har bakin yanka, tun kafin dogo ya hau. A mahaɗar alluna an bar noti ya yi aikin matsewa kawai, saiti kuma aka ba hinjin ƙofa: a ɗaure rabi a wannan allo rabi a wancan, a zare sandar tsakiya a maye ta da ƙusar da ta cika ramin. Ana shimfiɗa dogo ya ƙetare mahaɗar a haɗe, a liƙe shi a kan notin tagulla ta kowane gefe, sannan a yanka.

Girman tazarar da ake bari tsakanin dogo da dogo ya danganta da watan da ake aikin. Mai shimfiɗawa a damina ya bar kusan milimita 1 a duk tsawon dogo guda na milimita 914, domin allo zai tsuke. Mai shimfiɗawa a Janairu ya bar kaurin katin waya bai cika ba, kamar milimita 0.3 zuwa 0.5, saboda zafin Maris da Afrilu yana zuwa ne allo yana bushe, lokacin da ƙarfe ya fi tsawo katako kuma ya fi gajarta. Wannan karon a Janairu aka shimfiɗa. Don ɗauka, ana kifa allo biyu fuska da fuska, a ɗaure su da guntun filawud a kai da gindi, su shiga bayan a-kori-kura ba abin da ya taɓa gini ko bishiya. A sito kuma an ɗora su a kan teburin ƙarfe nesa da bango saboda gara, kuma an sa doka cewa mako biyu kafin kowane baje koli za a haɗa allunan 12 duka, a saki tarago mafi rashin nauyi ya zagaya gaba da baya sau goma.